Wurin Zaman Fenglan

Lomar na dab da bakin yaron, Lirong ta doke hannun uwar mijinta. Naman da yayata Fenglan ta tauna wa jikanta Taotao ya faɗi ƙasa, kare ya zo ya lashe.

"Mama, sau nawa zan faɗa? Bakin nan naki ne ya jefa mu cikin wannan hali."

"Haka na ciyar da mijinki," in ji Fenglan, tana goge hannu da gefen riga. "Ga shi nan kamar bijimi."

"Bijimin da ke riƙe ciki kullum safiya."

Dehai, bijimin da ake magana, bai ɗago kai daga kwanonsa ba.

Ni ƙanin Fenglan ne. Ban yi nisa a makaranta ba, amma fataucin tafarnuwa ya kai ni garuruwa, ya koya mini sauraro. Shi ya sa da ciwon ciki ya matsa wa Dehai, ni na raka su asibitin gunduma. Aka sa kowa ya hura iska cikin wata 'yar jaka, aka sami wata ƙwayar cuta a cikinsa, da na ɗansa, da na uwarsa.

Likitar ta yi mana bayani a tsanake. Ta ce ƙwayar iri-iri ce. Wata tana zama lafiya lau da mai ita har kabari. Irin da ya yi yawa a yankinmu kuwa yana da wani abu kamar allura, yana tsira wa bangon ciki dafi. Bangon ya kumbura, ya siraice, ya sake kama, har wata rana ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Gishirin da muke jiƙa kabeji a ciki kuma ƙara mata kaifi yake yi. Galibi tun ana yara ake ɗauka, a cikin gida, daga baki zuwa baki.

"Wadda ta fi daɗewa da ita za a fara leƙa wa ciki," ta ce, ta nuna Fenglan. "Ku dawo da ita."

Mu huɗu ne manya a gaban likitar. Na lura biyu daga ciki, Dehai da Lirong, "baki zuwa baki" kawai suka ji.

* * *

Dehai ya sha magani ya warware. Aka kai yaron wurin likitan yara a birni. Fenglan kuwa aka ajiye mata ɗan benci a bakin ƙofar kicin, da kwanonta daban, da tsinkayen cin abinci da aka ɗaura wa zare don kada su haɗu da na mutane.

Na tare Dehai a gonar tuffa.

"Yaushe za ka mayar da mahaifiyarka asibiti?"

"Kawu, bari a gama tsinka."

Aka gama tsinka.

"Kawu, tsohuwa ce fa. A zura mata roba ta maƙogwaro, ai azaba ce. Ita ma ba ta so."

"Ka tambaye ta?"

Ya shiga gyara igiyar da ba ta kwance ba.

Na je wurinta da kaina. Na same ta a kan bencin, kunun gero ya huce a gabanta, wuyan rigarta ya yi mata yawa.

"Yaya, tashi. Motata na waje."

"Kai da tsohuwar motarka mai warin tafarnuwa? Kafin mu isa ta kashe ni."

"Ba wasa nake ba."

"Na sani." Ta juya cokali cikin kunun. "Ina da ɗa a raye, a ga ƙanina ya kai ni asibiti? Da wace fuska zai bi ta gaban shagon ƙauye? Zai kai ni. Aiki ne ya yi masa yawa."

Na yi ciniki da mayaudara a kasuwanni da yawa, na san mai kare hajar da ya san ta ruɓe. Na dawo sau da dama, amsar ba ta canja ba.

Dehai ya kai ta, ranar da ta yi aman jini. Likitar ta duba hoton cikinta, ta dube shi, ba ta ɗaga murya ba.

"Ina kuka shiga?" kawai ta ce.

* * *

Bikin Bazara, bikin sabuwar shekararmu, ya zo bayan mun binne ta. Bisa al'ada akan shirya wa mamaci wurinsa ya ci tare da iyali. Lirong ta ɗauko kwano cikin na alfarma, ta cika shi da nama, ta ajiye a kan babban tebur, kusa da yaron.

Taotao ya dubi kujerar da babu kowa, ya dubi uwarsa.

"Kaka ta warke ke nan?"

Lirong ta gyara wa kwanon zama. Tururi na ta tashi daga cikinsa, muka ci, har ya daina.