Ramin da Dogo Ya Haƙa

Ina gyara wa Baba robar iskar da ke hancinsa sai ga Dogo, mai gyaran na'urorin asibitin, ya leƙo ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya san sana'ata, ni nake rubuta kanal, wato manhajar da ke fara tashi idan an kunna kwamfuta.

"Anti, don girman Allah ki zo. Kwamfutar injin iska ta ƙi tashi."

Injin nan shi ke haɗa oksijin da ke bin bututu zuwa kowane gado, har da na Baba. Na ce wa Yayana kada ya matsa ko nan da can, na bi Dogo ƙasa a guje.

Ɗakin injin tsit, wurin da kullum sai ka ɗaga murya kafin a ji ka. Tankin ajiya kaɗai ke ciyar da benen, allurar agogonsa kuwa ta fara sunkuyawa.

"Me ka yi mata?"

"Ram ɗinta ne ya ƙone, wato ƙwaƙwalwarta. Ban samu babba irinsa ba, sai na sa ƙanana biyu. Ai duk ɗaya ne."

"Ɗaya ne a gidanku! Ram ka sa mata ko rami ka haƙa mata?"

Kwamfuta idan ta farka ba ta san komai ba, ko girman ƙwaƙwalwarta. Kanal ne ke tambayar allon cikinta: daga ina zuwa ina akwai wurin ajiya, ina ne babu? To wannan tsohon allon sai rantsuwa yake yi wai ƙwaƙwalwar a shimfiɗe take daga farko har ƙarshe, kamar da. Alhali ƙananan nan biyu ba su haɗu ba, akwai giɓi a tsakaninsu. Kanal ya ajiye jadawalin shafukansa a tsakiyar giɓin, ya juyo zai ɗauka, wayam! Nan ya sandare, ko harafi bai fitar a sikirin ba.

Dogo ya ce a cire ɗaya mana. Na harare shi. Guda ɗaya ba zai ɗauki manhajar injin ba, ko da tsiya.

Na jona tawa kwamfutar da waya, na tsuguna a kan siminti. Dole in lalubo bakin ramin da kaina, in rubuta wa kanal da hannu cewa daga nan zuwa nan ya tsallake. Abin da ya fi tsorata ni, dab da ƙarshen ramin akwai ɗan lungun da allon yake ɓoye saitin bawul-bawul ɗin injin. Idan na kuskure iyaka, kanal zai ɗauka fili ne ya rubuta a kai, shi ke nan, ko ta tashi injin ba zai san yadda zai buɗe iska ba.

Ni da nake yi wa abokan aikina tsiya idan sun rikice, yau ga ni ni ma na rikice. Na kira Yaya.

"Yaya, ya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Ke dai ki yi aikinki."

Gwajin farko, layuka suka zubo, raina ya ɗan dawo, sai suka ƙame. Ashe na ƙuntata ramin da yawa, kanal ya taka gefensa. Dogo na bayana yana ta salati yana faɗa mini inda allura ta kai.

"Kai, rufe mini baki! Na ce maka makauniya ce ni?"

Allurar ta shiga ja. Daga sama na fara jiyo ƙarar na'urori da gudun takalma. Na sake kiran Yaya, ya daɗe kafin ya ɗauka.

"Baba yana nan," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kada ki hawo. Ki gama tukuna, ƙanwata."

Na goge tafin hannuna a zani, na matsar da iyakar kaɗan, na karanta lambar har ta fara yi mini gizo. Na yi bismilla na danna.

Layuka suka zubo, suka kai inda suka tsaya ɗazu, suka wuce. Kanal ya ga yanki biyu da rami a tsakani, ya tsallake abinsa. Can injin ya yi tari, ya kama ruri. Dogo ya zube ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro, ni ko kallonsa ban yi ba, na yi sama.

A matakala na ci karo da nas, na riƙe hannunta ina haki.

"Iska ta dawo, ko?"

"Ta dawo," in ji ta, ba ta kalle ni ba. "Tun da tanki ya yi ƙasa likita ya sa aka rufe bututun ɓangarenku, aka bar na jarirai. Da hannu muka riƙa matsa wa manya."

Na same shi a ƙofar ɗakin, Yayana, zaune dirshan a ƙasa. Jakar robar da ake matsa iska da ita tana kan cinyarsa, hannuwansa biyu a kanta, amma ba ya matsawa.

"Tun yaushe ya cika?" na tambaye shi.

"Tun kafin kiranki na biyu."