Wando Mai Faɗin Ƙafa

"Hau mana, ai ba ya cizo," in ji Tela, yana tura ma'aunin nauyi da ƙafa zuwa ƙofar maƙwabcinsa Direba.

Direba ya kawar da kai. Babu abin da ya tsana kamar asibiti, ga shi Tela ya kwaso asibitin ya kawo masa har gida. Tun da likita ya ce zuciyar Tela ta gaji aka sa shi a ajin tsofaffi masu ciwon zuciya, inda wata nas ke koya musu kula da kansu: a rage gishiri, a sha magani kan lokaci, a hau ma'auni kowace safiya, a danna ƙafa a ga ko yatsa ya bar rami. An ce kowa ya zo da ɗan rakiya, Tela ya tsallake 'ya'yansa ya ja Direba, wai kunnensa ya yi nauyi. Kunnen da ke jin faɗuwar allura a bayan keken ɗinki!

Direba kan zauna can baya yana gyangyaɗin ƙarya, yana jan bakin wando ya rufe idon sawunsa. Nasa ƙafafun ma sun kumbura, bai faɗa wa kowa ba. Tsoro yake ji, amma ya gwammace a kira shi mai taurin kai.

Da jikin Tela ya ƙi, har zuwa bakin titi ya gagare shi, sai ya riƙa aika Direba ya ɗauko masa karatu. Dole Direba ya buɗe kunne. Yakan dawo ya zauna kusa da keken ya maimaita darasin, Tela na gyara masa, yana tsokanarsa da cewa ɗalibin nan ba zai ci jarrabawa ba.

Wata safiya ma'aunin bai fito ƙofa ba. Kafin Direba ya sa takalmi, kuka ya tashi a gidan Tela.

Bayan an watse daga zaman makoki, babbar 'yar Tela, wadda ta gaji keken, ta shigo wa Direba da wando a naɗe. Shi ne ɗinkinsa na ƙarshe. Direba ya warware, ya ga ƙafar ta fi ta kullum faɗi.

"Ai bai auna ni ba."

"Ya ce idonsa ya auna, Baba. Ya ce in kumburin ya saɓe, ka kawo in rage maka."

Direba ya shafa ɗinkin da hannu. Kewar mutumin ta kama shi.

Ranar aji ya sa wandon, ya wuce bencin baya, ya zauna a kujerar Tela. Nas ta yi masa gaisuwar rashi, ta tambaya wa ya rako yau. Sai ya sunkuya ya naɗe ƙafar wandon, ta hau har gwiwa ba tare da ta matse ba. Nas ta durƙusa ta danna da babban yatsa. Ramin ya tsaya, su biyu suna kallonsa.