Macijin Roba na Kawu Gavin

Tun da safe na gaya wa matata Renae cewa fim ɗin bana zai jawo mana abin da ba ma so. Ta ce in daina mugun baki ranar Kirsimeti.

Duk shekara idan mun taru a gonar mahaifiyarta kusa da garin Narrandera, Gavin, yayan Renae, yakan ɗauke mu da wayarsa, ya haɗa fim ɗin ban dariya irin na talabijin, wanda dangi ke taruwa komai ya dagule. Bara ya ɓoye macijin roba cikin akwatin ƙanƙara, surukata ta yi ihu har haƙoranta na roba suka faɗa kwanon jatan lande.

Bana zafi ya yi yawa. Bayan an ci abinci yara suna wasa, ƙwallonsu ta faɗa cikin ciyawa bayan rumfar tarakta. 'Yata Tahlia, mai shekara tara, ta bi ta ba takalmi. Sai muka ji ta ƙwalla ƙara.

"Baba! Maciji!"

Kowa ya tuntsire da dariya.

"Kai, yarinyar nan ta fi uwarta iya wasa!" in ji Gavin, waya a sama. "Sake yi, 'yar Kawu, ban kama fuskarki ba."

"Bana ba za ku same ni ba, ja'irai," in ji surukata, ta dafe bakinta.

Ni kuwa idona ya kai kan akwatin ƙanƙara. Ga wutsiyar macijin roba tana leƙowa ta ƙarƙashin murfi.

"Gavin," na ce, "ga naka nan."

Na ruga da gudu. Na sami Tahlia tsaye, da ɗan ƙwarzane a idon sawu. Ta ce ba ya zafi. Abin da ya ƙara tsinka mini zuciya ke nan, don maciji mai ruwan ƙasa na yankin nan, mai mugun dafi, sau da yawa saransa ba ya zafi. Na kwantar da ita na ce kada ta motsa. Renae ta naɗe ƙafar da bandeji tun daga yatsu har cinya. Gavin ya kira motar asibiti, ya kasa faɗin sunan titin gidan uwarsa.

Yanzu muna asibiti, an ɗebi jininta. Hular takarda ta bikin Kirsimeti da ta sa wajen cin abinci tana kanta, ta ƙi a cire. Ɗazu ta tambaye ni ko ta ɓata wa Kawu fim.

Har yanzu ba mu sani ba ko dafin ya shiga jikinta.