Garkuwar Kakan Baba Wada

Ƙanƙara ta ɓarke a Burumburum daidai lokacin da akuyar Rufaida ke haihuwa a turke. Ba ta tsaya wani tunani ba, ta fizgo garkuwar da ke rataye a zaure ta kifa wa akuyar.

Sai da ruwa ya ɗauke hankalinta ya dawo jikinta. Garkuwar kakan surukinta Baba Wada ce fa, wadda ya hau doki da ita ya tare mahara daga Ningi, takobi a dama, ita da linzami a hagu. Ko mijin Rufaida bai taɓa sauke ta ba, balle ita amaryar shekaranjiya. Ga ta nan sharkaf, duk taɓo.

Baba Wada ya shigo yana dogara sanda. Rufaida ta durƙusa.

"Baba, don Allah a yi haƙuri."

Tsohon ya ɗaga garkuwar ya leƙa. 'Yan awaki biyu, fari da baƙi, suka gaishe shi da kuka. Ya shafa tsohon saran takobin da ke gefenta, sai ya fashe da dariya.

"Tun ina yaro gizo-gizo kawai take karewa. Tashi, 'yata, yau ta koma bakin aikinta. Amma ɗan baƙin nan nawa ne, ladan garkuwa!"