Gida Mai Rijiya Biyu

Ƙas, ƙas, ƙas. Auta ta zare wayar ma'ajiyar bayanai daga jikin kwamfuta, ta hura bakinta, ta sake sokawa. Ɗan akwatin ƙarfen, wanda bai fi tafin hannunta ba, ya yi gurnani kamar zai tashi, sannan ya koma ƙas-ƙas ɗinsa. Babu abin da ya fito a kan allo.

Abokin aikinta da kowa a ofis ke kira Dogo ya leƙo ta saman kwamfutarsa, ya ce ta daina kunnawa, ƙara ji mata ciwo kawai take yi. Ya tambaye ta ko ta ajiye kwafi a wani wurin. Ta girgiza kai. Kwafin yana cikin abubuwan da kullum take cewa gobe.

Aikin Auta shi ne zana gidajen da ba a gina ba tukuna. Masu tsara gini su miƙo mata layuka da lambobi, ita kuma ta tayar da bango, ta shafa fenti, ta dasa bishiyoyi, har inuwar la'asar a kan matakala sai ta sa, don mai gida ya ga gidansa tun kafin a haƙa tushe. Amma na cikin ma'ajiyar nan gida ne da aka gina tuntuni, gidan da aka haifi Babanta. Ruwa ya shanye shi tare da garin gaba ɗaya lokacin da aka yi madatsa, Baba yana saurayi. Ko hoto ɗaya ba a tsira da shi ba.

Sun daɗe suna wannan ginin, ita da Baba. Tun da idonsa ya fara hazo ya ajiye tuƙin babbar mota, duk ranar hutu sai ta zauna gefen kujerarsa, yana faɗa tana zanawa. Wahalar ita ce Baba ba ya tsayawa a magana ɗaya. Yau ya ce rijiya tana hannun hagu in ka shigo, wani makon ya rantse tana bayan kicin, gindin lemon tsami. Auta ba ta yi masa musu, ba ta kuma goge komai. Sai ta ɓoye tsohuwar rijiyar a cikin fayil ɗin, yadda ake tura kaya ƙarƙashin gado in baƙi sun zo, ta zana sabuwa. A ranta tana cewa tsufa ne. Gutsure-gutsuren aikin kawai Baba ya taɓa gani, domin ya ce ba zai shiga gida ana cikin gini ba.

Gobe za a yi masa aikin ido. Likita bai ɓoye musu komai ba: ko hazon ya washe, ko ɗan ganin da ya rage ya tafi. Yayarsa, Gwaggo, ta iso jiya da sandarta da jakar magungunanta. Da safen nan, Auta tana sa takalmi, Baba ya ce mata daga kujerarsa, “Yau dai za mu shiga gida, ko?”

Ta naɗe ma'ajiyar a mayafinta, ta nemi izini, ta fita zuwa wurin mai gyara.

A cikin bas ta samu wuri jikin taga. Rana ta bugi gilashin, titi ya yi ta kaɗawa kamar ana kallonsa ta ƙarƙashin ruwa. Ta lumshe ido, sai ga ta a ƙofar gidan. Ta san shi fiye da ɗakin da take kwana. Ta san tsagar da ke jikin bangon gabas, domin ta ɓata yini guda tana lanƙwasa ta har Baba ya ce ta yi. Ta san dutsen da ake zama a kai a wanke ƙafa. Wani lokaci takan yi tunanin na gaskiyar, can ƙasan tafki, kifaye suna shiga ta taga suna fita ta ƙofa. Yanzu ga na biyun ma ya nutse a cikin ɗan akwatin da ke kan cinyarta. Sai da kwandasta ya taɓa kujerarta ta gane an iso.

Shagon mai gyaran yana saman bene, a layin masu gyaran waya, ɗaki ne siriri mai warin dalma. Mai gyaran mutum ne marar yawan magana, da tabarau a kan tabarau. Ya kunna ma'ajiyar sau ɗaya, ya kara ta a kunne, ya kashe. Ya ce allurar da ke karanta faifan da ke ciki ce ta maƙale. Yana da wata matacciya irinta da zai ciri allura a jikinta, amma bai yi alkawarin komai ba. Ya nuna mata benci, ya shige bayan labulen roba.

Mutum biyu ta tarar a bencin. Ɗaya mai ɗaukar bidiyon taro ne, da kyamara rataye a wuya. Ɗayan dattijo ne mai wankakkiyar riga, wanda 'yan layin ke kira Farfesa, ba don ya koyar a ko'ina ba. Ba gyara ya kawo ba, zaman hira yake zuwa.

Mai bidiyo ya fara da jaje, ya ƙare da faɗa. Ya ce a wannan zamanin wa ke ajiya a ƙarfe? Komai nasa yana gajimare, can a intanet, ko shagonsa ya ƙone bai yi asarar hoto ɗaya ba. Farfesa ya yi dariya ta hanci, ya ce gajimaren nan da ake faɗa ɗakin wani ne a wata ƙasa, makullin kuma yana aljihun mai ɗakin. Ranar da ya ga dama ya rufe, sai ka tsaya kana kallon sama.

Daga nan ya gangara kan labarinsa, wanda da alama bencin ma ya haddace. Yana matashi ya ƙera kan famfo mai rufe kansa in an saki. Ya nuna wa wasu baƙi, suka yaba, suka ɗauki hoto. Bayan shekaru ya ga irinsa sak a wata mujalla, da lambar rajistar mallaka a ƙasansa da sunan wani kamfani. Tun daga ranar ya yanke cewa rajistar ƙirƙira hanya ce kawai ta hana mutum amfani da abin da ya zo masa a kai. Mai bidiyo ya ce in babu rajistar wa zai wahala ya ƙirƙiri abu? Farfesa ya ce wanda ya ƙirƙiri cokali bai yi rajista ba, ga shi har yau ana ci.

Da suka gaji da juna suka juyo kanta, suka tambayi me ke cikin ma'ajiyar. Ta gaya musu a taƙaice. Farfesa ya matso ya rage murya, ya ce wannan dabara ce babba, gina wa tsofaffi gidajen da suka rasa, ta yi maza ta yi mata rajista kafin wani ya ji. Mai bidiyo ya yi dariya har kyamararsa na bugun ƙirjinsa.

Shi ne kuma ya zaro waya ya ce ta kwantar da hankalinta, in ma aikin bai dawo ba akwai mafita. Yanzu manhaja ke zane. Ya rubuta wa manhajar 'yan kalmomi: tsohon gida, rijiya, bishiyar lemo, hasken yamma. Kafin ta gyara zama hoton ya fito. Ya fi nata kyau nesa ba kusa ba. Bango ja kamar an shafa masa zuma, ganye na sheƙi, wani haske mai laushi kwance a tsakar gida.

“Tsohon ai kin ce ba ya gani sosai,” in ji shi. “Ina zai bambance?”

Auta ta riƙe wayar ta daɗe. Gaskiya ya faɗa, Baba ba zai bambance ba. Zai ga ja da kore, ya yi murmushi, ya kwana da daɗi. Ta ja hoton da yatsa tana neman inda mutum zai zauna ya wanke ƙafa, ko inda aka taɓa jingina keke har fenti ya goge. Ko'ina sumul. Ta miƙa masa wayarsa ta yi godiya, ta ce gidan ya yi kyau, sai dai ba wanda ya taɓa kwana a cikinsa.

Bayan haka hirar ta koma can nesa da ita. Fanka na juyawa a hankali, hasken taga ya tashi daga ƙafarta ya hau gwiwarta. Ta jingina kai da bango, tana jin ƙananan ƙarafa na taɓa juna a bayan labule, kamar ana haɗa shayi a wani gida.

Rana ta karkata sosai lokacin da mai gyara ya kira ta. Ya ce faifan ya karce a gefe ɗaya, abin da ya iya kwasowa ke nan. Ta buɗe fayil ɗin a kwamfutarta.

Gidan yana nan, amma launi ya tafi gaba ɗaya. Bango, ƙasa, bishiya, duk toka-toka, kamar an sassaƙa su da sabulu. Bayan haka, duk abin da ta taɓa ɓoyewa ya fito fili. Rijiya biyu a tsakar gida. Ƙofar shiga biyu, ɗaya a gabas ɗaya a kudu. Wani guntun bango tsaye a inda ba shi da aiki. Gyaran zai ci makonni. Ta rufe kwamfutar, ta yi musu sallama. Farfesa ya biyo ta har bakin matakala yana tuna mata maganar rajista.

A gida ta haɗa kwamfutar da babbar talabijin, ta saki labule. Aka jawo kujerar Baba har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Gwaggo ta zauna gefensa, haɓarta a kan sanda. Auta ta fara ba da haƙuri, tana bayanin allura da faifai, Baba ya ɗaga mata hannu. Ya ce launin bai dame shi ba, shi ai duniya ta daɗe da komawa wannan kalar.

Ta tura linzamin kwamfutar, suka shiga ta ƙofar gabas, a hankali, kamar masu tafiya cikin ruwa.

Gwaggo ce ta fara magana. Ta miƙa sanda ta ƙwanƙwasa gilashin, ta tambaya wa ya gaya wa yarinyar nan labarin tsohuwar rijiya. Auta ta ce kuskure ne, ɗaya ce ya kamata ta fito.

“Kuskuren me? Biyu ne. Wannan ta rufta shekarar da aka yi ruwa mai yawa, shi yana ɗan mitsitsi. Aka cike ta, aka haƙa waccan.”

Ƙofar kudu ma, in ji ta, an yi ta, daga baya aka toshe da aka faɗaɗa hanya. Guntun bangon kuwa na kejin kaji ne, kuma a kansa wannan yaron ya faɗo ya fasa goshi. Baba, da furfurarsa, ya shafa goshi ya ce ba faɗowa ya yi ba, turo shi aka yi, kuma wadda ta turo shin tana cikin ɗakin nan. Gwaggo ta ce ƙarya yake, tun yana yaro bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. Suka yi ta yi, ita tana nuni da sanda, shi yana nuni da hannu, wani lokaci ma ba allon yake nunawa ba. Auta tana bin su da linzami duk inda suka ce, kunya da daɗi sun cika ta.

Can Baba ya ce ta wuce lemon tsamin, ta je ƙofar ƙarshe. Gwaggo ta sauke sandarta.

Auta ta san ƙofar. Ya ba ta faɗinta da tsayinta, har da ƙusar da ke samanta, amma bai taɓa cewa komai game da cikin ba, ita kuma ba ta tambaya ba. Ta ce masa babu komai a ciki, ba ta zana ba. Ya ce ta shiga.

Ɗaki ne fanko, bango huɗu masu launin toka, da wani haske da bai fito daga ko'ina ba. A waje wata mota ta wuce, labulen ya motsa.

Gwaggo ta share ido da bakin mayafi, ta ce wa Auta ɗakin mahaifiyarsu ne, a nan ta rasu, kafin zuwan ruwa. Ta fara lissafi: gadon ƙarfe yana nan, akwatin kaya a ƙarƙashinsa, madubi mai tsaga a jikin bango. Auta ta jawo kwamfutar kan cinyarta. Gado ba zai ɗauke ta lokaci ba, za ta iya tayar da shi kafin a kawo abinci.

Hannun Baba ya lalubo nata ya danne.

“Bar shi haka, Auta. Rijiyar nan, tun da kika zana ta, in na rufe ido taki nake gani. Wannan ki bar mini.”

Ta janye hannunta daga madannai. Baba ya ƙara matsawa, hasken allon ya kwanta a fuskarsa, idanunsa a buɗe tar.

“Ɗan juya hagu,” ya ce.

Ta juya a hankali. Bango mai toka ya wuce, wani bangon mai toka ya shigo.

“Yauwa,” in ji Baba. “Tsaya nan.”