Birkin Motar Alhaji Abbas

Jalo ya sheƙa ruwan buta a kan tayar baya, ƙarfen ya yi cuu, tururi ya tashi da warin ƙuna. Tun daga Chinade tsohuwar Landkurusar take tafiya kamar ana janta da igiya ta baya, ga buhunan gero a ciki, ga ramukan damina cike da taɓo. Birki ya sake kamawa.

"Ka gama yi mata wankan?" in ji Alhaji Abbas, mai motar, daga kujerar gaba. Ko saukowa bai yi ba, kada taɓo ya taɓa masa takalmi. "Na gaya maka ko ban gaya maka ba? In ta sake yi, ka ajiye min makullina. Direbobi sun cika Azare."

Jalo ya haɗiye abin da ya taso masa. Tun kafin matarsa Dijatu ta haifi 'yarsu ta fari yake jan motar nan, yau ga yarinya har ta shiga sakandare. Da makullin nan gidansa yake ci. Tunda babu halin ya huce a kan Alhaji, sai ya tattara fushin duka ya ajiye wa Ya'u bakanike, ya lallaɓa motar da giya ɗaya har cikin gari.

Tun kafin ya kashe inji a bakin garejin ya fara.

"Ya'u, ka ji tsoron Allah! Ka ce tsatsa ce saboda ruwan da muke shiga, ka goge. Ka ce sifirin da ke mayar da birki ne ya saki, ka canza. Ka ce wayar hambirki ce, ka sassauta. Yau kuma me za ka ce, aljanu? In ba ka iya ba ka faɗa, kana nema ka raba ni da abincina!"

Ya'u ya fito daga ƙarƙashin wata bas yana goge hannu. Mutum ne mai saurin hawa shi ma, ga direbobi da masu motoci zaune a benci suna ji.

"Ni kake gaya wa ban iya ba? A garejina? To tsaya nan, kada ka matsa."

Ya gaida Alhaji sama-sama, ya sa jak ya ɗaga bayan motar. Ya kama tayar da hannu biyu ya murɗa, ko motsi. Ya leƙa ya ja wayar hambirki, tana tafiya tana dawowa lafiya lau. Ya tsaya yana huci. Can ya ɗauki ƙaramar sifana ya kwanta, ya sassauta ɗan noti a inda bututun man birki ya shiga bayan tayar. Mai ya yi tsartuwa. Ya tura tayar da ƙafa, sai ga ta tana juyawa ita kaɗai.

Ya'u ya murza man a yatsunsa, ya sansana. Ya cire tayar, ya sa guduma ya doki durom, wato ƙarfen nan mai kama da kwano da birki ke kamawa daga ciki, har ya faɗo. Ciki ya ƙone ƙurmus. Ya zaga ya buɗe bonet, ya kwance murfin 'yar tukunyar man birki. Robar murfin ta kumbura kamar fanke.

"Jama'a, ku zo ku gani!" Da ƙarfi ya faɗa, don a gabansu aka zage shi. "Baƙin mai ne! Man inji aka ɗura a tukunyar birki. Shi ya kumbura robobin duka suka toshe hanya. In ka taka, mai ya tafi, ba ya dawowa, birki ya riƙe. Ni ina ta wahala a ƙasa, ashe ɓarnar daga sama take. Wane jakin ne ya yi wannan?"

Jalo kuwa ya san jakin. Alhaji Abbas bai yarda da direba a kan mai ba, ko na ɗigo ne. Shi yake sayowa, ya kulle a sito, da safe ya buɗe bonet da kansa ya zuba, sannan ya miƙa makulli. Kwanakin baya Jalo ya ce masa man birki ya yi ƙasa, a sayo. Washegari Alhaji ya ce, "Na cika shi." Galan ɗaya ne a siton nan, na man inji, kuma a wurin Alhaji mai duk mai ne.

Jalo ya dubi uban gidansa. Alhaji ya sunkuyar da kai yana ta danna sabuwar wayarsa ta hannu, alhali ba wanda ya kira shi. Gumi ya tsattsafo masa a ƙasan hula. Mutanen da ke tsaye a wurin, rabinsu sai sun rusuna suke gaishe shi. A rugar da aka haifi Jalo kuwa, yaro ba ya tsayawa yana kallo babba ya sha kunya a bainar jama'a.

"Ni ne," in ji Jalo.

"Kai?" Ya'u ya saki baki. "Kai Jalo? Duk shekarun nan?"

"Na ce ni ne. Kuskure ne."

Aka kwashe da dariya. Wani direban tasha har da riƙe ciki, yana cewa gobe sai a zuba wa motar man shanu, tunda Bafulatani ne ke ja. Jalo ya tsaya ya shanye. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne da Alhaji ya ɗago ya girgiza kai, ya ce, "Kun ga irin abin da nake fama da shi ko?"

Sai bayan la'asar aka gama. An wanke bututai, an canza robobi, an zuba man birki na gaske. Suka kama hanyar gida ta bakin kasuwa, motar tana tafiya sumul. Sai da suka yi nisa da garejin Alhaji ya yi gyaran murya.

"Jalo, ka nuna kai ɗan mutunci ne. Allah ya yi maka albarka."

"Amin, ranka ya daɗe." Zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Ko ba komai, mutumin ya san abin da aka yi masa.

"Sai dai ka ga yawan mutanen da suka ji. Kafin magariba maganar ta zaga Azare. In aka ga na bar maka mota bayan wannan, cewa za a yi ban san ciwon dukiyata ba." Alhaji ya gyara zaman babbar rigarsa. "Kai ni gida, sai ka ba ni makullin. Ka ɗan huta tukuna."

Jalo ya taka birki. Motar ta tsaya cak a tsakiyar titi, daidai inda masu amalanke da 'yan acaɓa ke cakuɗe da motocin kaya. Ya kashe inji, ya zare makullin, ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babba abu.

"Gida na ce, ba nan ba!"

"Birkin ya gyaru, ranka ya daɗe."

Ya sauka, ya rufe ƙofar a hankali. Wata roka a baya ta danna ham, wata ta taya ta. Alhaji Abbas, wanda tun da yake bai taɓa riƙe sitiyari ba, ya leƙo ta taga da makulli a hannu yana ƙwala masa kira. Jalo ya ratsa tsakanin masu tallan gyaɗa, ya shige cikin kasuwa.