Kusurwar da Tifa ta Ci

Wata tifar yashi ce ta ja da baya ta ɓalle kusurwar gidan Malama, har rodi ya leƙo. Direban ya gudu, amma yayan marigayi mijinta ya iso kafin ƙura ta lafa. Shekara biyu ke nan yana neman hujjar da zai kwashe ta da 'ya'yanta zuwa ɗakin bayan gidansa, a sa haya a nan. Ya tsaya ya kalli ɓaraguzan kamar likita a kan gawa, ya ce gidan da ba namiji haka yake, daga gefe yake fara zubewa.

Don a shaida zumuncinsa, ya naɗe hannun riga ya kwaɓa siminti, ya lafta a kan busasshen kankare da ƙurarsa, ya shafe da cokalin magini sumul. Kwana uku facin ya faɗo gaba ɗaya. Yaya ya ce to, an ga iyakar ƙoƙari, ranar Asabar zai turo mota.

Abin da ya manta, Malama 'yar magini ce. Ta ɗauko guduma da kurfi, ƙarfen sassaƙa, ta sassaƙe duk inda ya yi rauni, sai da wurin ya fi da muni, maƙwabta suka fara yi mata jaje. Ta kankare tsatsar rodin, ta wanke wurin, ta yi ta jiƙa shi har tsohon kankaren ya ƙoshi, don in da ƙishirwa zai zuƙe ruwan sabon. Sannan ta haɗa katako biyu, ta tokare su da bulo, ta zuba sabon kwaɓi mai tsakuwa tana bubbuga katakon don iska ta fita.

Ranar Asabar mota ta zo, Yaya a gaba. Ya tarar da ita da bokiti tana yayyafa wa kusurwar ruwa, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Ya tambaya ina kaya.

"Yaya, ai ba na motsawa. Safe da yamma ake ba kankaren ruwa, har kwana bakwai."

Ya ɗaga buhun, ya danna da babban yatsa, ya sa ƙafa ya tokara. Yatsan ƙafar ne ya ji jiki.

"To bayan kwana bakwan fa?"

"Matakalar ƙofa ma ta tsage," in ji ta. "Ka ɗan matsa, kana kan tiyon ruwa."